Kumburin saifa: tsakanin askar wanzami da allurar zafi ta zamani

A ƙauyukan Safana da Batsari ba abin mamaki ba ne ka ɗaga rigar yaro ka tarar da tabon tsaga a gefen cikinsa na hagu. In ka tambaya sai a ce ai saifa ce ta taso masa, aka kai shi wurin wanzami. Tausayi ne ya sa iyaye yin haka, amma askar ba ta kai inda ciwon yake ba. Saifa tana can ciki ƙarƙashin haƙarƙari, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, aikinta kamar na rariya ne: tana tace jini, ta cire tsofaffin ƙwayoyinsa, ta kama ƙwayoyin cuta. Idan ta kumbura har hannu ya iya taɓo ta, to wata cuta ce ta ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta.

A yankinmu babban mai laifi shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman wanda ke ta dawowa damina bayan damina. Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma a ƙasar Hausa aka yi wani sashe nasa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna nazarin irin wannan kumburi, har Dakta Fakunle ya fitar da ƙa'idojin gane shi a 1981, waɗanda likitocin duniya suke ambata har yau. Maganinsa shan maganin zazzaɓin na tsawon watanni ne bisa umarnin likita, kuma sau da yawa saifar kan koma da kanta ba tare da an taɓa ta ba.

Akwai kuma tsutsar ruwa, dangin mai kawo tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kwance na tafkuna da madatsu. Wani nau'inta hanta yake kamawa, ta taurare, jini ya kasa wucewa ya koma ya cika saifa. Ciwon hanta nau'in B ma haka yake yi idan ya daɗe. Nan ya kamata iyaye su tsaya su yi tunani, domin aska ɗaya da ta zaga jikin yara da yawa hanya ce ta yaɗa wannan ciwon hanta. An je neman maganin saifa, an dawo da abin da zai kumbura ta nan da shekara ashirin.

Wanda ya fi gaggawa shi ne na yaro mai sikila. Jini na iya taruwa a saifarsa cikin sa'o'i kaɗan, ciki ya tashi, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, yaro ya yi laushi. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Kowa ya san wahalar fita da dare a wannan yanki saboda matsalar tsaro, shi ya sa uwar mai sikila ta nemi ma'aikatan asibiti su koya mata yadda za ta riƙa laluben saifar ɗanta, don ta gane canji tun da rana tana sama.

To, ina batun sabuwar hanyar da ake ta zancenta, ta ƙona saifa da allura? Gaskiya ce, akwai ta. Wani lokaci saifar da ta yi girma takan wuce gona da iri, ta riƙa cinye lafiyayyun ƙwayoyin jini, har da waɗanda ke tsayar da zubar jini. A da sai dai a yi tiyata a cire ta. Yanzu likita kan soka wata siririyar allura ta fata, yana kallon hoton cikin a na'ura, bakin allurar ya fitar da irin zafin nan na maikurowef. Da zafin ya haura digiri 60 sai naman wurin ya mutu, a bar sauran saifar tana aiki. An fi amfani da dabarar wajen kansar hanta, kuma likitocin ƙasar Sin ne suka fi gwada ta a kan saifa, yawanci ga masu taurarriyar hanta.

Amfaninta a fili yake: ba a farke ciki, kuma ba a rasa saifar gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar sauro, don wanda aka cire wa saifa zazzaɓi kan yi masa mugun kamu, kuma yana buƙatar rigakafi na musamman. Sai dai saifa cike take da jini, allura na iya jawo zubarsa a ciki, kuma zazzaɓi da ciwon gefe kan biyo bayan aikin. Ga wasu ma ƙarancin jinin kan dawo bayan wani lokaci, tunda hantar da ta jawo matsalar tana nan yadda take. Aiki ne na ƙwararru a babban asibiti mai ajiyar jini da ɗakin tiyata a shirye. Duk wanda ya zo kasuwa ko ya tallata a Facebook cewa yana da na'urar narkar da saifa, kuɗinku yake so.

Mai kumburarriyar saifa ya kiyayi dambe da kokawa da duk abin da zai bugi cikinsa, domin tana saurin fashewa. Idan bayan faɗuwa daga babur ko harbin saniya aka ji ciwo a gefen hagu yana kaiwa har kafaɗa, ga jiri, a garzaya asibiti. In kuma kumburi ne kawai aka lura da shi, a fara da asibitin Dutsin-Ma ko na Batsari a auna jini, su ne za su tura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina idan da buƙata. Iyaye mata, idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo ƙofar gida, ku miƙo duk yaron da ke tsakanin wata 3 da shekara 5, kuma ku tabbatar ya shanye na kwana ukun.