Gadon Ciwon Sukari: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Ƙasar Kurfai

Makiyayan ƙasar Kurfai, wadda garin Filinge yake tsakiyarta a kwarin Dallol Boso, ba baƙi ba ne ga maganar gado, domin a tashar kiwo ta Tukunus an shafe shekaru ana zaɓen shanun Azawak masu yawan nono don 'ya'yansu su biyo su. Abin da ke ɗauke da wannan gado shi ne ƙwayoyin halitta, wato umarnin da ke rubuce a kowane sashe na jiki, wanda ɗa yake karɓar rabinsa daga uwa, rabi daga uba. Ciwon sukari na manya, wanda likitoci ke kira nau'i na 2, yana bin jini ta wannan hanya, kuma yana samuwa ne idan jiki ya daina amsa wa sinadarin insulin, ko ya kasa samar da isasshensa, sai sukari ya taru a jini.

Masu bincike sukan ɗauki jinin dubban masu ciwon da na dubban masu lafiya, su gwama, su ga wane bambanci ne ya fi yawa a wajen marasa lafiya. A 2006 kamfanin deCODE na ƙasar Aisilan ya gano ƙwayar TCF7L2, wadda wani nau'inta ke ƙara haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 cikin 100 ga wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya. A 2007 jinin mutanen Afirka ta Yamma ya taimaka wajen tantance ainihin inda bambancin yake, saboda ƙwayoyin halittar 'yan Afirka sun fi na kowace al'umma rarrabuwa. An tattara wannan jini ne a wani shiri da Charles Rotimi, masani ɗan asalin Najeriya, ya jagoranta daga Amurka, kuma a 2019 shirin ya gano wata ƙwayar, ZRANB3, bayan nazarin mutum 5,231 daga Najeriya da Gana da Kenya.

Sai dai cibiyoyin shirin a Afirka ta Yamma suna Ibadan da Legas da Enugu da Akara da Kumasi ne, nesa da ƙasar gero da fura, kuma ɗora sakamakonsu kacokan a kan Bakurfaye gaggawa ce. Haka nan bambance-bambancen ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ciwon da aka gano a duniya sun kai ɗaruruwa, amma tasirin kowanne ƙarami ne, sai ƙiba da zaman wuri ɗaya da shekaru sun haɗu da shi. Ɗan cirani da ya bar fartanya ya koma zaman shago a Yamai, yana cin shinkafa da taliya, yana shan shayi kofi uku da sukari har ya yi kauri, jininsa bai sauya ba, rayuwarsa ce ta sauya.

Akwai kuma gadon da ba ya jawo ciwon, amma yana ɓoye shi. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, yana rage tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, kuma wani babban nazari na 2017 ya nuna cewa hakan yana saukar da sakamakon gwajin HbA1c, wanda ke auna matsakaicin sukarin kusan wata 3, har mai ciwo ya fito kamar lafiyayye. Sikila ma tana iya rikita wannan gwaji.

Don haka, wanda mahaifi ko mahaifiya ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya yake da ciwon, musamman in ya haura shekara 40, bai kamata ya jira yawan ƙishirwa da fitsarin dare da gyambon da ya ƙi warkewa ba. Ya je asibitin Filinge ko gidan likita mafi kusa da sassafe, kafin ya karya kumallo, a huda yatsarsa a auna.