Sanhuri, Malamin da ya Share wa Sojoji Hanya

Duk wanda ya karanta fannin doka a jami'o'in ƙasashen Larabawa, da wuya a ce bai sha wahalar ɗaukar Al-Wasiɗ ba, littafin nan mai mujalladi 10 wanda Abdurrazaƙ Sanhuri ya yi sharhin dokokin mu'amala na Masar a cikinsa. An haife shi a Iskandariyya a 1895, ya ƙaro ilmi a Liyon ta Faransa, inda ya wallafa risala a kan halifanci a 1926, shekara biyu ke nan da Turkawa suka rushe shi.

Kundin waɗannan dokoki, wanda shi ya tsara, ya fara aiki a 1949, kuma tun daga ƙa'idarsa ta farko ake gane mazhabar mutumin: idan alƙali bai sami nassi a cikin doka ba, sai ya koma ga al'adar mutane, in babu, ya koma ga usulan shari'ar Musulunci, sannan ga adalci. Wasu malamai ba su ji daɗin ganin an sa shari'a bayan al'ada ba, kuma suna da hujjarsu. Duk da haka Siriya da Iraƙi da Libiya da Kuwaiti suka ɗebi nasu daga wannan rijiya.

Amma fitinar malami tana ƙofar masu mulki. Da hafsoshi suka yi juyin mulki a Masar a Yulin 1952, Sanhuri yana shugaban Majalisar Daula, wato babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma, da shi aka tsara takardar murabus ɗin Sarki Faruƙu. Majalisarsa kuma ta ba da fatawar cewa ana iya naɗa masu riƙon sarauta ba tare da an kira majalisar dokoki ba, domin kuwa shi da jam'iyyar Wafdu, mai rinjaye a cikinta, ba sa ga maciji da juna. Bai cika shekara biyu da wannan hidima ba, da aka ji ya karkata ga mayar da mulki hannun farar hula, sai 'yan zanga-zanga suka kutsa ofishinsa a Maris 1954, suka yi masa duka har sai da aka kwantar da shi a asibiti, daga bisani aka tuɓe shi.

Ragowar kwanakinsa ga alƙalami da takarda suka tafi, har Allah ya karɓi ransa a 1971. A ganina, ƙofar da ya buɗe da fatawarsa, ta nan aka shigo masa.