Zanen hoton kyanwa: tsakanin al'ada, addini da sana'a a kudancin Kano

Idan aka ce wa manomi a Doguwa ko Tudun Wada akwai ƙasashen da mutum kan biya mai zane kuɗi domin ya zana masa hoton kyanwarsa ya rataye a ɗaki, mai yiwuwa dariya ce za ta riga magana fitowa daga bakinsa.

A Turai da Amurka dai zanen hoton dabbobin gida tsohuwar sana'a ce, wasu na cin abinci da ita, wasu kuma na yi domin su bai wa abokansu kyauta.

A ƙasar Hausa kuwa akwai kyanwa a gidajen birni da ƙauye, akwai kuma masu zane, amma da wuya su biyun su haɗu a kan takarda guda.

Dalilin hakan na da nasaba da matsayin kyanwa a gida, da fahimtar malamai game da zanen abu mai rai, da kuma turbar da sana'ar zane ta biyo a wannan ƙasa.

Ma'aikaciya a gidan manomi

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a jihar Kano, inda ake noma masara da dawa da shinkafa da rake.

A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ne ke ciyar da noman rani a Kadawa da kewaye.

To sai dai duk inda hatsi ya taru, ɓera ma na nan.

Ɓarnar ɓera kuma ba ta tsaya ga abin da ya ci ba, domin yana huda buhu, ya kuma bar kashi da fitsari a cikin abincin da iyali za su ci har zuwa wata kakar.

Ta irin wannan hanya ce ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kiwon kyanwa cikin matakan rage ɓeraye a gida, tare da adana hatsi a mazubin da ɓera ba zai iya shiga ba, da zubar da shara nesa da gida.

Saboda haka a idon manomin wannan yanki, kyanwa mai gadin rumbu ce, kuma da aikinta ake auna ta. Akasari ko suna ba a raɗa mata, balle a kai ga zancen hoto.

Kyanwa a bakin Bahaushe

Duk da haka, maganganun Hausawa na nuna cewa sun daɗe suna lura da halayen wannan dabba.

Sukan yi mata kirari da mage mai kwanciyar ɗaukar rai, saboda yadda take lafewa kamar mai barci har sai ɓera ya saki jiki.

Mutumin da ake ganin ba ya iya cutar da kowa kuma sai a kira shi kyanwar Lami, ba ta cizo ba ta yakushi.

Shi kuwa muzuru, wato namijin, an fi tuna shi da ɓarnar kaji, abin da ya sa masu iya magana kan ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Akwai kuma camfi. Wasu na danganta baƙar kyanwa da aljanu ko mayu, musamman idan suka yi arba da idanunta suna ƙyalli cikin duhu.

Masana kimiyya dai sun yi bayanin cewa a can bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi, wanda ke mayar da ɗan hasken da ya shiga idon domin ta ƙara gani da dare.

Wannan hasken ne ke dawowa ga wanda ya haska ta da tocila, kamar dai yadda ake gani a idon kare ko akuya.

Daga dajin Afirka zuwa bangon Masar

Bincike ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga wata kyanwar daji da ke rayuwa a Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Masana na ganin cewa noma ne ya haɗa ta da ɗan Adam: hatsi ya jawo ɓera, ɓera kuma ya jawo kyanwa, wato irin cinikin da har yau ake yi a bakin rumbunan Kiru da Doguwa.

A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai kimanin shekaru 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna.

Mutanen Masar na zamanin Fir'auna kuwa sun zana kyanwa a bango, sun sassaƙa ta, har ma sun danganta ta da wata abar bautarsu mai suna Bastet.

Ɗaya daga cikin fitattun zane-zanen shi ne na kabarin wani ma'aikacin hukuma mai suna Nebamun, wanda aka yi wajen shekaru 1,350 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ake ganin kyanwa tana cafke tsuntsaye a fadama. Yana ajiye a babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan.

Masu zanen kyanwa a Turai

A ƙarni na 19 ne mutanen Ingila suka fara ɗaukar kyanwa a matsayin abar ado da alfahari, har aka shirya babban bikin baje kolin kyanwoyi a Landan a shekarar 1871.

Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Louis Wain, wanda aka haifa a 1860.

Ya fara ne da zana wata kyanwar gidansu mai suna Peter, domin ya ɗebe wa matarsa Emily kewa lokacin da take jinyar ciwon daji, kafin rasuwarta a 1887.

Daga bisani zane-zanensa sun cika jaridu da littattafan yara da katunan gaisuwa a Birtaniya.

Sai dai kuma Wain ya riƙa sayar da ayyukansa ba tare da riƙe haƙƙin mallakarsu ba, lamarin da ya sa wasu suka ci riba shi kuma ya tsufa cikin talauci. Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1939.

A Amurka ma, a farkon shekarun 1890, wata attajira mai suna Kate Birdsall Johnson ta sa wani mai zane ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Kahler, ya zana mata kyanwoyinta 42 a allo guda.

A shekarar 2015 an yi gwanjon wannan zane a kamfanin Sotheby's, aka sayar da shi a kan dala 826,000.

Me malamai suka ce?

A addinin Musulunci kyanwa na da kyakkyawan matsayi.

Sahabin nan da ya fi kowa ruwaito hadisi an fi saninsa da laƙabin Abu Huraira, laƙabin da ya samu saboda wata 'yar kyanwa da yake ɗauka.

A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai ruwayar da ke nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma ana iya alwala da ruwan da ta sha ta rage.

Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Tarihi ya kuma nuna cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a birnin Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun zana ta, domin akwai hadisai masu tsoratarwa a kan masu yin surar abu mai rai.

An ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai cin abinci da wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai.

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wato sassaƙaƙƙiya mai cikakkun gaɓoɓi, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda suka ɗauka makaruhi ne.

Wasu malaman kuwa, irin su Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya, sun tafi a kan cewa haramcin ya haɗa duka biyun.

Da kyamara ta zo, malaman zamani sun sake yin saɓani, inda da dama suka ce hotonta kama yake da abin da madubi ke nunawa, don haka hukuncinsa daban ne da na zanen hannu.

Wannan saɓani ne ya sa matashin da Allah Ya hore wa baiwar zane a Kano kan tsaya ya nemi fatawa kafin ya mayar da zanen mutane ko dabbobi sana'arsa.

Zanen dabbobi a ƙasar Hausa

Ko da yake haka ne, zanen dabba ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa.

A Birnin Kudu, wanda ke cikin jihar Kano kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin duwatsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

Waɗannan mutane na dauri sun zana dabbar da ita ce dukiyarsu, kamar yadda masu doki ke son a ɗauke su hoto a kan dawakinsu ranar hawan Sallah.

Bayan kafuwar Musulunci, gwanintar Bahaushe ta fi karkata ga adon da babu rai a cikinsa: zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, da dagi a jikin soro, da aska takwas a babbar riga, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa a kan fata.

Inda dabba ta sake samun gurbi shi ne jikin manyan motoci.

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora da ke Kiru, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya ta nufi Tudun Wada da dajin Falgore, zai ga motocin dakon kaya ɗauke da hoton zaki ko damisa ko gaggafa.

Waɗannan dabbobi ne masu nuna ƙarfi da jarumta, abin da direba ke son a san shi da shi. Ita kuwa kyanwa, duk da cewa danginsu ɗaya da zaki da damisa, ba kasafai ake ba ta wannan matsayi ba.

Ta fuskar karatun zamani kuma, Zariya ta daɗe da zama cibiyar koyar da zane. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, a kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Wuyar aikin

Masu zane sun san cewa kyanwa ba ta zama wuri guda don a zana ta, sai fa idan barci take yi, wanda yakan cinye fiye da rabin yininta.

Shi ya sa da dama kan fara ɗaukar hotonta da wayar salula, sa'an nan su kwafa da fensir ko gawayi ko fenti.

Ido ne ya fi ba da wahala, domin baƙin idon kyanwa kan tsuke ya zama kamar tsagar allura a cikin rana, ya kuma buɗe ya zama da'ira a cikin inuwa, kuma kowanne na ba fuskar yanayi daban.

Sai kuma gashi, wanda dole a bi kwanciyarsa daga hanci zuwa wutsiya, in ba haka ba hoton ya fito kamar na gunki.

Launi ma na da nasa bayanin: kyanwar da ta haɗa fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce, saboda yadda ake gadon launin ta ƙwayoyin halitta.

Abin da mai kyanwa ke nema a hoton shi ne ya gane tasa a cikin dubu, ko da ta tsagar kunne ce ko ɗigon fari a ƙirji.

Ina aka dosa?

Masu zanen hannu a garuruwa irin su Bebeji da Tudun Wada sun daɗe suna dogara da rubuta allunan shaguna da makarantu da jikin motoci.

Injinan buga manyan hotuna da kwamfuta sun ƙwace kaso mai yawa na wannan aiki, domin sun fi sauri, sau da yawa kuma sun fi araha.

A daidai wannan lokaci kuma, kiwon kyanwa don sha'awa na samun karɓuwa a tsakanin wasu matasan birane, waɗanda ke sayen masu dogon gashi 'yan asalin ƙasashen waje, su raɗa musu suna, su kuma sa hotunansu a Facebook da TikTok.

Ta intanet ɗin kuma mai zanen da ke zaune a ƙauye na iya karɓar hoton dabba daga wata ƙasa, ya zana, a biya shi ba tare da ya je ko tasha ba.

Mai son shiga wannan harka dai na da abubuwa biyu a gabansa: ya san matsayin malaman da yake bi a kan zanen abu mai rai, ya kuma koyi darasi daga Louis Wain, kada ya sayar da aikinsa tare da haƙƙin mallakarsa a kan kuɗin cefanen yini guda.

Ita kuwa kyanwar da ke kwance a gindin rumbu a Doguwa, ko an zana ta ko ba a zana ta ba, haƙƙinta a kan mai gida bai sauya ba: abinci, da ruwa, da kuma kiyaye ta daga gubar da ake zuba wa ɓera.