Tabilet ta ƙi tashi bayan an sake rabon memwar ɗinta: abin da ya lalace da yadda ake gyara shi

A rumfunan gyaran salula na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, akwai wata matsala da ba ta yi kama da sauran ba. Tabilet ce ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, batirinta lafiya lau, amma idan an kunna ta sai ta tsaya kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Idan mai gyara ya matsa da tambaya, sai a ce masa wani ne ya ce zai ƙara mata wuri. Ma'ana an taɓa rabon memwar ɗin da ke cikinta, an yi kuskure, jadawalin rabon ya lalace. Yawanci na'urar ba ta mutu ba. Sai dai abin da aka fara yi mata bayan haka shi ke sa ta dawo da hotunanta da lambarta, ko kuma ta koma kayan da ake cire wa sassa.

Memwar ɗin cikin tabilet wani ɗan guntu ne da aka liƙe a jikin farantin na'urar. A yawancin masu araha ana kiransa eMMC, a masu tsada kuma UFS. Ko da an rubuta jiga 16 ko 32 a kwali, wannan wuri ba ɗaki ɗaya ba ne. An yanka shi yankuna da yawa, sau da yawa fiye da ashirin. Akwai boot mai tayar da na'ura, akwai recovery na lokacin gyara, akwai system inda Android kanta take zaune, akwai userdata, wanda ya fi kowa girma, inda hotuna, saƙonnin WhatsApp da takardun mai ita suke. Akwai kuma wasu ƙanana da ba a lura da su sai sun ɓata, kamar nvram da nvdata a na'urorin MediaTek, ko efs a na Samsung. A cikinsu ne lambar IMEI da saitin rezo suke.

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gonar gado zai gane sauran. Gona ɗaya ce, an raba wa magada, an dasa gamba a kan iyaka, an rubuta a takarda cewa rabon wane ya fara daga nan ya ƙare can. Idan takardar ta ƙone kuma gambar ta shafe, hatsin yana nan a tsaye, amma ba wanda zai iya cewa ga nasa. Jadawalin rabo shi ne wannan takarda. Shi ya sa lalacewarsa ba ta nufin kayan cikin memwar sun goge.

Tsarin da yawancin tabilet na yanzu suke bi ana kiransa GPT. Kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi don maye gurbin tsohon tsarin MBR na shekarar 1983, wanda bai iya ɗaukar fiye da manyan yankuna huɗu. A memwar irin ta eMMC, an jera wurin a ƙananan gurabe masu okte 512 kowanne. Gurbi na 0 yana ɗauke da MBR na kariya kawai. Gurbi na 1 shi ne kan jadawalin. Daga na 2 zuwa na 33 ne jerin yankunan yake, wuri ne na suna 128, kuma kowane yanki an rubuta sunansa, lambar nau'insa, gurbin da ya fara da wanda ya ƙare. GPT yana da dabaru biyu da suka shafi gyara. Yana ajiye kwafi na biyu a can ƙarshen memwar, sannan yana riƙe da wata lambar tantancewa, CRC32, wadda ke canzawa ko da harafi ɗaya aka taɓa. Idan lissafin bai yi daidai ba, na'urar ta san an samu ɓarna, kuma wasu sukan ƙi tashi gaba ɗaya.

Me ke kai mutum taɓa shi?

Ƙarancin wuri ne babban dalili. Misalin da aka fi sani shi ne Nexus 7 ta 2013, wadda Asus ya ƙera wa Google. Sabuntawarta ta tsaya a Android 6.0.1, yankinta na system kuma bai kai jiga ɗaya ba. Masu son ɗora mata sabuwar Android ta LineageOS sai sun faɗaɗa wannan yanki, su ci daga na maƙwabtansa. A tsofaffin tabilet na MediaTek ma an daɗe ana gyara fayilolin EBR don a ƙara wurin manhajoji. Aikin yana yiwuwa, mutane da yawa sun yi shi lafiya. Amma kuskuren lamba ɗaya ya isa yanki ya hau kan wani.

Akwai waɗanda ma ba su san sun taɓa rabon ba. An je yin filashi, an sauko da manhajar kamfani daga intanet, suna ɗaya, hoto ɗaya, amma ta mai jiga 32 ce aka zuba wa mai 16. Jadawalin sai ya riƙa nuna wurin da babu shi. Ko kuma ana cikin rubutu kuran ya ɗauke, ko kabil mai sako-sako ya motsa, rabin jadawalin sabo rabinsa tsoho. Wani kuma ya goge yanki ya sake ƙirƙirar shi da wani suna ko a wani layi, alhali manhajar tayar da na'ura da suna take neman kowane yanki, wasu da lambar nau'i, tsofaffi kuma da lambar jeri.

Matakin farko shi ne a dakata. Kada a danna komawa saitin masana'anta, kada a yi forma, kada a yi ta gwada fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Kowane sabon rubutu yana iya sauka a kan abin da ake son ceto. Abin da ya kamata a bincika shi ne har ina na'urar take iya kaiwa.

Idan har recovery yana buɗewa

Wannan shi ne sauƙin lamarin, musamman idan akwai recovery irin na TWRP, wanda ke ba kwamfuta damar shiga ta hanyar adb. Kafin gyara komai, mai gyara na ƙwarai yakan fara ɗaukar kwafi da umarnin dd: gurabe 34 na farko, 33 na ƙarshe, yankunan IMEI, in da hali ma memwar ɗin gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Yana ɗaukar lokaci, abokin ciniki yakan ƙosa, amma shi ne kawai hanyar komawa baya idan gyaran ya ƙara ɓata abu.

Daga nan sai a buɗe memwar ɗin da gdisk, wata manhaja ta kyauta da Rod Smith ya rubuta. Idan jadawalin farko ne kawai ya lalace, gdisk yakan faɗa da kansa. Ana shiga sashen ceto da harafin r, harafin b ya sake gina kan jadawalin daga kwafin ƙarshe, c ya ɗauko jerin yankunan, v ya tantance, sai w ya rubuta. Ba a danna w sai an karanta jerin layi-layi an gamsu.

A nan ne da yawa suke ruɗuwa. Kwafin ƙarshe yana amfani ne idan rubutu ya katse ko aka taka farkon memwar. Amma idan mutum da hannunsa ya sake rabon da parted ko gdisk har aikin ya kammala, to an rubuta kuskuren a wuraren biyu. Kwafin ba shi da abin da zai bayar. Abin da ake bukata a lokacin shi ne lambobin asali, wato gurbin farko da na ƙarshe na kowane yanki. Ana samunsu a kwafin da aka ɗauka tun kafin a fara, ko a hoton allo, ko a manhajar kamfani, ko a wata tabilet mai samfuri ɗaya da girman memwar ɗaya. Idan aka sake zana yankin a daidai gurbin da yake a da, kuma ba a yi masa forma ba, kayan cikinsa sukan bayyana kamar ba abin da ya faru. Idan babu lambobin ko kaɗan, manhajar TestDisk ta Bafaranshe Christophe Grenier tana iya lalubo iyakokin wasu yankuna a cikin kwafin da aka kai kwamfuta. Sai dai ba ta ganin ƙananan da ba su da tsarin fayiloli, haka ma waɗanda aka kulle.

Maganar kulle kuwa tana da muhimmanci, don a nan hotunan mutane suka fi salwanta. A na'urori da yawa masu Android 5 zuwa 9, an kulle userdata ɗungurungum, kuma a wasu mabuɗin yana cikin kilo-okte 16 na ƙarshen yankin. Wanda ya matsar da ƙarshen yankin ya raba ƙofa da mabuɗinta. Idan aka mayar da iyakar daidai, ba tare da an rubuta komai a wurin ba, ƙofar tana iya buɗewa. Na'urorin da suka fito da Android 10 zuwa sama suna kulle kowane fayil ne daban. Idan aka yi wa userdata forma a irin waɗannan, ya tafi ke nan. Mai gyaran da ya karɓi kuɗi da alkawarin dawo da su bai faɗi gaskiya ba.

Idan allo ya yi baƙi

Ko da komai na cikin memwar ya rikice, akwai wata ƴar ƙofar gaggawa da aka gina a cikin ƙwaƙwalwar na'urar, wadda filashi ba ya gogewa. Kowane kamfani da tasa, don haka dole a fara sanin wace ƙwaƙwalwa ce a ciki.

Yawancin tabilet masu araha da ke kasuwanninmu na Nijar, har da na Tecno da itel, MediaTek ne ko Unisoc. Na MediaTek ana gyara su da SP Flash Tool da wani fayil mai suna scatter, wanda shi kansa taswirar rabon ce a rubuce. Manhajar tana da zaɓi uku. Download Only yana zuba abin da aka zaɓa kawai, kuma yakan ƙi aiki idan rabon da ke cikin na'urar ya saɓa wa taswirar. Firmware Upgrade yana sake rubuta rabon yana ƙoƙarin kare yankunan IMEI. Format All + Download kuwa yana share komai, har da nvram. Shi ne ya fi saurin tayar da na'ura, shi ya sa masu gaggawa suke son shi, amma bayansa tabilet takan tashi ba ta ganin katin SIM. Akwai sashen Readback da ke ba da damar kwashe yankunan kafin a zuba komai, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Na Unisoc suna amfani da fayil guda mai ƙarewa da pac, wanda ya haɗa manhaja da rabon.

A Samsung, taswirar ita ce fayil ɗin PIT, ana zuba shi da Odin tare da cikakkiyar manhajar samfurin, a saka alamar Re-Partition. Wannan yana goge kayan mai ita, kuma PIT na wani girman memwar yana ƙara dagula lamarin. Na Qualcomm suna da yanayin EDL, inda kwamfuta ke ganinsu da lamba 9008. Manhajar QFIL tana zuba gpt_main0.bin da gpt_backup0.bin, wani fayil mai suna patch0.xml kuma ya daidaita lambobin da ainihin girman memwar ɗin. Sababbin na'urori da dama ba sa buɗe wannan ƙofa sai da izinin kamfani, irin waɗannan kuma sai wakilinsa.

Wani lokaci duk an bi ƙa'ida, kwamfuta ta nuna an gama, amma da aka kunna sai a tarar da tsohon rabon yana nan daram. Wannan alama ce ta eMMC ya tsufa ya daina karɓar rubutu. Maganinsa sauya guntun, aikin da ke bukatar na'urar zafi da hannu mai natsuwa, kuma a tsohuwar tabilet ladan aikin yana iya zarce darajarta.

Akwai abubuwa biyu da mai na'ura ya kamata ya tanada kafin ya bar ta a rumfa. Na farko, adireshi da kalmar sirrin asusun Google da ke kanta, domin tun daga Android 5.1 na'urar da aka share takan nemi tsohon asusun kafin ta buɗe. Wanda ya saye ta hannu-na-biyu ko wanda wani ya buɗe wa asusun a kasuwa yakan maƙale a nan. Na biyu, lambar IMEI mai alƙaluma 15 da ke jikin kwali ko bayan na'urar. Maido da lambar na'ura daga kwafinta gyara ne, amma ɗora mata ta wata na'urar ba gyara ba ne. Shi kuma mai gyara, a watannin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa, gara ya yi aikin da kwamfutar hannu mai batir da kabil mai kyau, batirin tabilet ɗin kuma ya wuce rabi.

Ga mai neman wuri kawai, ba lallai ne a taɓa rabon ba. Tun Android 6.0 ta 2015, wasu na'urori suna karɓar katin memwar a matsayin ƙarin wurin ciki. Daga Android 10 ta 2019 kuma an haɗa system, vendor da ƴan uwansu a babban yanki ɗaya mai suna super, inda girmansu ke sauyawa ba tare da an taɓa GPT ba.

Bayan gyara, tashin farko yakan ɗauki mintuna da dama, bai kamata a kashe ta ba. Idan ta buɗe, sai a duba IMEI ta hanyar buga *#06# ko a cikin saiti, a gwada katin SIM, a gwada Wi-Fi, a juya ta a ga ko allon yana juyawa, a tabbatar girman wurin da take nunawa ya dace da na kwali. Sannan a ɗauki kwafin jadawalin da ya gyaru a ajiye a wani wuri daban. Gurabe 34 ɗin nan gaba ɗayansu okte 17,408 ne, ba su kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba.