Kwaryar Doya da Makin Ludo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar doya ta Gwada, a kan hanyar Minna zuwa Kuta, ya san ciniki ba ya ƙarewa da "na sallama". Sauran ƙirga. Kwarya-kwarya ake sayar da doya, kowace kwarya guda 100 cif. Matan Gbagyi za su sauke kayan daga kafaɗa, a tsiba, mai ƙirga ya duƙa yana ɗaga murya don mai saye da mai sayarwa su ji da kunnensu. In aka zo lodi aka ga lissafi bai cika ba, dillali ba ya tsayawa rantse-rantse. Cewa zai yi, "Alhaji, yi haƙuri, a sake ƙirgawa." Sai a koma tsibin farko, a bi su ɗaya bayan ɗaya har a kama inda aka yi tsallake.

Wannan ɗabi'a ce nake fatan yaranmu masu koyon rubuta manhaja su ɗauka, ko suna ajin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ko suna laluben abin a wayar hannu a wani zaure a Kuta. Cikin ayyukan farko da ake ba mai koyon yaren Python akwai ɗan wasa irin na ludo: ƙwaya biyu masu fuska shida-shida, kowa ya jefa sau biyar, a tara maki, wanda ya samu siki biyu, wato shida da shida, a jifa ɗaya a yi masa gyaran maki 10. Layukan umarnin ba su da yawa, amma sau tari makin da ke fitowa ba shi ne na gaskiya ba. Sai ka ji ɗalibi yana cewa, "Malam, kwamfutar ce ta rikice." Ba ta rikice ba. Abin da aka rubuta mata ta bi, harafi da harafi.

Wahalar irin wannan kuskure ita ce ba ya ihu. In ka manta wata alama, manhajar takan ƙi tashi, ta nuna maka layin da ya ɓaci. Kuskuren maki kuwa lafiya lau take tashi da shi, ta ba ka lamba mai kama da gaskiya. Ga shi kuma kowane gwaji da irin jifar da ke faɗowa, don haka ba ka da abin da za ka auna da shi. Ɗan kasuwa ba ya gwada sabon mai ƙirga da tsibin da shi kansa bai san adadinsa ba. Saboda haka matakin farko shi ne ka dakatar da sa'a, ka rubuta jifar da hannunka.

Mu ce ka ba manhajar waɗannan: 3 da 4, 6 da 6, 2 da 1, 5 da 5, 6 da 2. Ɗauki biro ka lissafa a takarda: 7, 12, 3, 10, 8, jimla 40. Siki biyu ya zo sau ɗaya, gyara 10, ya zama 50. Yanzu kana da kwaryar da ka san cikinta. In manhajar ta ce 8, kada ka taɓa komai tukuna. Dubi lambar, ai makin jifar ƙarshe ce kaɗai. Ke nan layin da ke mayar da jimla sifili yana cikin zagayen da ke maimaita jifa, kowace jifa sai ya share abin da aka tara. Daidai yake da mai ƙirgar da ke komawa "ɗaya" a kowane sabon tsibi ba tare da ya riƙe na baya ba. Fitar da layin waje, sama da zagayen, shi ke nan.

In kuwa ta ce 60, an yi gyara sau biyu ke nan. Wace jifa ce kuma take da siki? Ta ƙarshe, 6 da 2. Ɗalibin ya rubuta or a inda ya kamata ya sa and, wato ya ce a ba da gyara in wannan ƙwaya ko waccan ta nuna shida, alhali sharaɗin shi ne duka biyun. Kada a raina wannan bambanci. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Siki biyu hanya ɗaya tak gare shi, amma samun siki ko da a ƙwaya ɗaya yana da hanyoyi 11. Kalma guda ta mayar da abin da ya kamata ya zama tsuntuwa ya koma na kullum. Manomin da ke ɗora gyara a kan kowane tsibi maimakon sau ɗaya bayan an gama, da hasara zai koma gida.

Akwai kuskure na uku, mai ɓoyon kurwa. A Python, umarnin randint daga 1 zuwa 6 yana haɗawa da shidan, amma randrange da range a 5 suke tsayawa. Wanda ya musanya su zai wuni yana jifa bai ga siki ba, yana ɗora laifin a kan rashin sa'a. Maganin duka ukun ɗaya ne da na bakin kasuwa, wato ɗaga murya. Sa print bayan kowace jifa, ta fito maka da ƙwayoyin biyu, da makin jifar, da jimlar da aka kai. Gani ya kori ji. Layin farko da ya saɓa da takardarka, nan ɓarnar take. Gyara abu ɗaya, sake gwadawa da jifar nan dai, sannan ka wuce gaba. Mai canja wurare uku a lokaci guda, ko ya dace, bai san abin da ya warkar ba.

Wani zai ce wasa ne kawai. A ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajiyar da aka tanadar mata a manhaja. Ƙwararru ne suka rubuta ta. Mu ma a nan gida, wutar da madatsar ruwa ta Shiroro ke samarwa tun 1990, mai ƙarfin megawat 600, lissafin manhaja ne ke faɗin abin da mai mita ya sha. Haka albashin malamin firamare, da sakamakon jarrabawar ɗiyarka, da kuɗin da mai POS ya cire maka. Yaran da ke fama da makin ludo yau, su ne za su rubuta waɗannan gobe, kuma hakkin mutane zai rataya a wuyansu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya karɓi aikin ɗalibi, kada ya tsaya a kan ko manhajar ta tashi. Ya tambaye shi, "Ina takardar da ka lissafa da hannu?" In babu, ya mayar masa da aikinsa ya je ya ƙirga.