Sake Gina Unguwa Bayan Gobarar Daji: Illar Gaggawar Sayar da Fili

Gobarar dajin da ta tashi ranar 7 ga Janairun 2025 a gindin tsaunukan Altadena, kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta cinye gine-gine sama da 9,000, ta yi ajalin mutum 19. Ƙarancin ruwan sama da busasshiyar iskar da ake kira Santa Ana ne suka rura ta.

Tun toka ba ta huce ba dillalan filaye suka shiga buga wa masu gidaje waya, suna tayin kuɗi hannu. Tare da su wata magana ta bazu, wadda ake ji bayan kowace babbar gobara: wai unguwa ta riga ta mutu, mai hankali shi ne wanda ya sayar da kangonsa da wuri ya kama gabansa. Wannan gurguwar shawara ce, kuma mai saye take yi wa rana. Mutumin da ke kwana a otal da iyalinsa, kamfanin inshora bai biya shi ba, ba ya cikin halin yin ciniki. Abin da za a ba shi ba zai saya masa gida a yankin ba, don haka ya tafi ke nan. Mai sayen kuwa zai gina gida mai tsada wanda tsofaffin mazauna ba za su iya ko hayarsa ba.

A Altadena asarar ta wuce ta kuɗi. Iyalan baƙar fata da yawa sun sayi gidaje a can a shekarun 1960 da 1970, lokacin da wariya ta rufe musu ƙofa a wasu unguwanni, gidajen kuma suka zama gado. Masallacin Al-Taqwa ma yana cikin abin da ya ƙone. Idan jama'arsa suka watse, wa za a sake gina wa shi? Shi ya sa mazauna suka kakkafa alluna a gaban kangayensu masu cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce.

Batun mutuwar unguwa kuwa, unguwar Coffey Park ta birnin Santa Rosa ta ƙaryata shi. Gobarar Tubbs ta ƙone gidaje sama da 1,000 a can a Oktoban 2017. Mazauna suka kafa ƙungiyar Coffey Strong, suka raba unguwar shiyya-shiyya, kowace da wakili mai aiki irin na mai unguwa: ya san inda kowa ya koma, yana isar da labarin inshora da izinin gini. Cikin 'yan shekaru akasarin gidajen suka sake tsayawa.

Ga unguwar da gobara ta cinye, matakin farko shi ne tattara sunaye da lambobin wayar maƙwabta, har da 'yan haya, waɗanda aka fi mantawa da su. Kada kowa ya sa hannu a takardar ciniki ko ta ɗan kwangila sai wani masani ya duba ta. Kada a shiga tonon toka da hannu, domin akwai dalma da sauran guba a cikinta. A bari hukuma ta kwashe tukuna. Maƙwabta su haɗu su ɗauki magini ɗaya, su sayi kayan gini a sari. Sabon gida ya zama da rufin da ba ya kama wuta, a sa raga mai ƙananan ido a kafofin iska saboda tartsatsi, a bar tazarar mita ɗaya da rabi kewaye da bango ba itace ba busasshiyar ciyawa.

Akwai wanda dole ta sa sai ya sayar, musamman dattijon da ba zai iya jiran shekarun gini ba, kuma babu laifi a kansa. Irin wannan ya fara yi wa maƙwabta tayi, ko ƙungiyar amanar filaye ta al'umma, kamar wadda mutanen Lahaina na Hawai suka kafa bayan gobarar 2023 domin fili ya ci gaba da zama a hannun 'yan gari.