Yadda Ake Kula da Carbi da Kayan Adon Katako Don Su Daɗe

Carbin katako na daga cikin tsarabar da alhazai kan dawo da ita daga Makka da Madina, kuma a gidaje da dama akan gaje shi daga iyaye. Sai dai carbi, awarwaro ko sarƙar katako da za su iya kai shekaru masu yawa sukan lalace cikin ɗan lokaci saboda rashin kulawa.

Akan sassaƙa irin waɗannan kayayyaki da itacen sandal na Indiya mai ƙamshi, ko itacen zaitun na Falasɗinu, ko kuma baƙin itace na dangin kanya. Ko wane iri ne, katako yana shan danshin iska yana kuma sakinsa ko bayan an sare shi. Da damina yakan kumbura, da hunturu kuma, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, iska mai bushewa takan sa ya tsuke. Wannan kumbura da tsukewa shi ke tsaga 'ya'yan carbi, musamman ta bakin hudar da zare ya bi.

Ruwa ne babban abin gudu. Bai kamata a yi wanka ko wanki da kayan adon katako a jiki ba, kuma ya dace a bari hannu ya bushe bayan alwala kafin a ɗauki carbi. Idan ya jiƙe, a goge shi da ƙyalle a bar shi ya sha iska a inuwa, domin shanya shi a rana ko kusa da wuta na sa ya fashe. Haka ma rataye carbi a madubin mota na koɗar da launinsa.

Turaren fesawa mai ɗauke da sifirit yana cin shafen da ke bai wa katako sheƙi, saboda haka a fesa turare ya bushe kafin a sa sarƙa ko awarwaro.

Wajen tsabtacewa, ƙyallen auduga mai laushi ya wadatar. Idan dauɗa ta kama, a ɗan jiƙa ƙyallen kaɗan a goge, nan take a bi da busasshe. Sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman gab da hunturu, a shafa ɗan kakin zuma a murza har ya yi sheƙi. A guji man gyaɗa da sauran man girki, domin sukan yi wari su kuma riƙe ƙura. Shi kuwa sandal an fi so a bar shi ba shafe, don kada ƙamshinsa ya ɓace. Yawan jan sa da hannu ma kan ƙara masa sheƙi.

A ajiye kayan cikin jakar yadi, ba leda ba, domin leda na tara danshi har fumfuna ta fito. Idan aka ga gari mai laushi na zuba daga ƙananan huda, alama ce ƙwaro ya shiga, sai a ware kayan daga sauran.

Zare ma yana tsufa. Da zarar ya fara sakewa ko zarewa, a kai carbin wa masu shirya shi a kasuwa su sake masa sabo, domin carbi mai 'ya'ya 99 idan ya tsinke a hanya ko a masallaci, da wuya a tattaro su duka, kuma samun irin waɗanda suka ɓata ba abu ne mai sauƙi ba.